Abin Da Ke Kashe Tumatir Da Damina A Kaduna, Da Yadda Mai Tsakar Gida Zai Tsira Da Nasa

Duk mai cefane a Kaduna ya san lokacin tsadar tumatir ba sai ya duba kalanda ba. Daga Janairu zuwa Maris kwanduna cike suke a Bakin Dogo da kasuwar Kawo, 'yan gwari har roƙon mai saye suke yi. Ana shiga Mayu sai kashi ya fara ƙanƙancewa, kuɗinsa na hawa, kafin Yuli ya ƙare gidaje da yawa sun koma kan kauɗa da tumatirin leda. A daidai wannan lokaci ne uwargida ko maigida ke cewa bari mu shuka namu. Sai a matse ruɓaɓɓen tumatirin kasuwa a bayan ɗaki, ya tsiro, ya yi kore shar, kowa na murna. Marka na sauka ganyen ƙasa ya fara ɗigon baƙi, fure ya kakkaɓe, wata safiya a tarar da shukar ta langaɓe gaba ɗaya. Daga nan a yanke hukunci cewa ƙasar gidan ba ta karɓar tumatir.

Ruwa ba ya tsami banza. Dalilin da ya sa tumatir ke ƙaranci a kasuwa shi ne dai dalilin da ke kashe na bayan ɗaki. Kuma wanda ya gane dalilin zai ga cewa mai buhu goma a tsakar gida yana da wata dama da manomin fadama mai kadada biyu ba shi da ita.

Asalin tumatir daga yammacin Kudancin Amurka ne, yankin tsaunukan Andis. Yana son rana mai haske, iska busasshiya, da dare mai sanyi. Ya fi jin daɗi idan zafin rana yana tsakanin digiri 21 zuwa 27 a ma'aunin Salshiyos, dare kuma ya sauko ƙasa da 20. Wannan shi ne hunturunmu. Shi ya sa noman tumatir a Arewa ya zama noman rani: a Ikara, Kubau, Soba, Makarfi da Kudan, a bakin kogin Galma da kewayen dam ɗin Kangimi, har zuwa Kadawa ta jihar Kano, ana dashe ne bayan ɗaukewar ruwa, a kwashe amfani cikin sanyi. Jos kuwa, da tsayinta ya kai wajen mita 1,200, ninki biyu na tsayin garin Kaduna, tana da sanyin da ke ba ta damar kawo tumatir lokacin da namu ya yanke.

Tsadar watan Yuni tun a Maris da Afrilu ake shuka ta. A bazara zafin Kaduna kan wuce digiri 35 da rana, dare ma ba ya hucewa. Furen tumatir shi ke yi wa kansa barbara, garin da ke cikinsa ya zuba kan matar furen. Idan zafin rana ya wuce kamar 32, na dare ya ƙi sauka ƙasa da 22 zuwa 24, garin nan yakan lalace. Furen zai buɗe lafiya lau, ya yi kwana biyu ko uku, ya bushe daga wuya ya faɗi. Mutum ya ga shuka ƙatuwa, ganye lumshi, babu ɗa ko ɗaya, sai ya ƙara taki. Takin ba zai gyara komai ba, domin yunwa ba ta cikin matsalar. A gonaki haka abin yake faruwa, ga rafuka sun ja baya, ga farin ƙuda ya yi yawa yana yaɗa cutar da ke nannaɗe ganye ta tsumburar da shuka. Duk furen da ya faɗi a Afrilu tumatirin da ba za a gani a kasuwa ba ne a Yuni.

A kan wannan kuma aka samu ƙarin Sharon, tsutsar nan da masana ke kira Tuta absoluta. Ita ma daga Kudancin Amurka ta fito, ta ɓulla a Sifen a 2006, ta bazu Arewacin Afirka, ta iso mana. A watan Mayun 2016 gwamnatin Kaduna ta ayyana dokar ta-ɓaci a kan tumatir, hukumomin jihar suka ce kashi 80 cikin ɗari na gonakin da ke yankunan da abin ya shafa sun lalace. A shekarar ce masana'antar sarrafa tumatir ta Dangote da ke Kadawa ta tsaya jim kaɗan bayan buɗe ta saboda rashin tumatir. Tsutsar ta sake yin ɓarna mai yawa a 2024. Uwarta wani ɗan ƙaramin malam-buɗe-littafi ne mai launin toka, bai kai tsawon ƙwayar shinkafa biyu ba, da dare yake yawo. Mace ɗaya kan yi ƙwai har sama da 200, kuma a cikin zafi wata guda ya isa ƙwai ya zama uwa. Tsutsar ba a saman ganye take zama ba, shiga take tsakanin fatun ganyen biyu tana ci, ta bar farin tabo mai shara-shara da baƙin kashinta a ciki. Shi ya sa feshi ke yawan wuce ta.

Damina na kawo sauƙin zafi, ruwa mai ƙarfi ma yakan rage Sharon. Amma ita ma tana zuwa da nata. Kaduna na samun ruwan sama sama da milimita 1,000 a shekara, mafi yawansa a Yuli, Agusta da Satumba, kuma ruwan nan ta hanya uku yake cin tumatir.

Ta saiwa: tumatir na shan ruwa sosai amma ba ya jure kwana a cikinsa. Idan ruwa ya kwanta a gindinsa yini ɗaya ko biyu, saiwar ta rasa iska, ta fara ruɓewa. Jar ƙasar yawancin unguwanninmu, wadda aka tattake lokacin gini aka cakuɗa da ɓaraguzan bulo, ba ta tsotse ruwa da wuri.

Ta ganye: ƙwayoyin cututtukan da ke sa ɗigon baƙi da ƙunar ganye a cikin ƙasa da tsofaffin karare suke zaune. Ɗigon ruwan sama ya bugi ƙasa, ya fantsama laka kan ganyen da ke kusa, ganyen ya kwana a jiƙe, cuta ta kama. Duba da kyau za ka ga kullum daga ƙasa take farawa ta yi sama, tabo mai zobe-zobe kewaye da rawaya. A watan marka, da ganye kan yi kwana uku bai bushe ba, mako biyu ya isa ta tuɓe shuka tsirara.

Ta ɗa kuma: idan aka yi kwanaki babu ruwa sannan aka tafka mai yawa, cikin tumatirin ya kumbura fiye da yadda fatarsa za ta iya buɗewa, ya tsage, ƙuda da ruɓa su shiga.

Akwai wadda ta fi duk waɗannan muni, kuma ita ce ta fi sa mutane fidda rai, wato cutar langaɓewa. Shuka tana cikin ƙoshin lafiya, ta fara 'ya'ya, sai da rana ka ga kanta ya sunkuya. Da yamma ta ɗan farfaɗo. Kwana biyu ko uku ta kwanta gaba ɗaya, ganyenta kore, ko rawaya bai yi ba. Mai ita ya ɗauka ƙishi ne ya ƙara ruwa, alhali ƙasar a jiƙe take. Wata ƙwayar bakteriya ce mai suna Ralstoniya da ke rayuwa cikin ƙasa mai ɗumi da danshi. Tana shiga ta raunin saiwa, ta hayayyafa a cikin jijiyoyin da ke kai ruwa sama har ta toshe su. Gane ta ba wuya. Yanke karan kusa da gindi, ka rataya bakin yankan a cikin kofin gilashi mai ruwa garau, kada ka motsa. Cikin 'yan mintoci, in ita ce, za ka ga wani farin zare kamar hayaƙi yana saukowa daga karan. In ka ga haka, kada ka kashe kuɗinka a shagon magani, babu feshin da ke warkar da ita. A tumɓuke shukar da ƙasar gindinta a fitar daga gidan. Ƙwayar na iya shekaru a ƙasa, tana bin ruwan da ke gudu daga kunya zuwa kunya, tana kuma kama tattasai, attaruhu, yalo, gauta da dankalin turawa, domin duk dangi ɗaya ne. Idan ka tumɓuke ka ga saiwar ta yi ƙulle-ƙulle, akwai kuma tsutsar ƙasa da ido ba ya gani, wadda raunin da take yi ke buɗe wa cutar ƙofa.

To a nan ne mai gida ya fi manomi. Manomi ba zai iya canza ƙasar gonarsa ba, ba zai iya yi wa kadada rufi ba, ba zai iya bin ganye ɗaya-ɗaya kowace safiya ba. Mai buhu goma duk zai iya. A ganina duk noman tumatirin damina a gida ya tattara ne a kan raba shukar da abu biyu: ƙasar da ba a san tarihinta ba, da ruwan da ke sauka a kan ganye. Wanda ya yi wannan ya yi rabin aikin tun kafin ya sayi magani ko ɗaya.

Buhun shinkafa ko na taki da aka wanke, ko bokitin fenti mai lita 20, ya isa shuka ɗaya. Ɗaya tak. Son a cusa uku a buhu guda shi ke sa duka ukun su tsumbure. A huda gindin da gefen ƙasa sosai, a ɗora a kan bulo ko duwatsu yadda ruwa zai tsiyaye, ruwan tsakar gida kuma ba zai taɓa shi ba. Ɗorawar nan na da wani amfani da bazara, domin sumunti na ɗaukar zafi ya dafa saiwa. Haɗin ƙasa: kashi biyu baƙar ƙasa daga inda ba a noma dangin tumatir ba, kashi ɗaya takin dabbobi da ya ruɓe ya huce, kashi ɗaya yashi ko ɓuntun shinkafa da aka babbaka. Ɗanyen kashin kaji yana ƙona saiwa, sai ya yi watanni a tare tukuna. Wanda ya shirya da wuri zai iya sa zafin bazara ya yi masa aiki: ya baza ƙasar, ya jiƙa ta, ya lulluɓe da farar leda mai shara-shara, ya danne bakin, ya bar ta a rana mako huɗu zuwa shida a Maris da Afrilu. Zafin da ke taruwa a ciki na rage ƙwayoyin cuta da tsutsar ƙasa da irin ciyawa.

Rufi ba sai an gina gidan gilashi ba. Gora ko katako huɗu, farar leda mai kauri a sama da gangare don ruwa ya zube, tsayi ya kai mita biyu ko fiye, gefuna a buɗe. Buɗewar gefen wajibi ce. In aka rufe ko'ina, zafi da laima za su taru, a gudu daga cutar ganye a faɗa zubewar fure. A ɗaure ledar da kyau, iskar farkon damina a Kaduna ba ta barin abin da aka ɗaura da wasa. Wanda ba shi da halin leda ya jera buhunan a ƙarƙashin bakin kwano ta gabas, inda hantsi ke samunsu amma indararo ba ya zuba a kansu. Sharaɗin dai shi ne rana ta kai awa shida. Ƙarƙashin mangwaro ko lungun da ke tsakanin katanga biyu zai ba ka dogon kara siriri ne kawai. Sai dai a sani, rufin da ya hana ruwa ya kuma hana wanke ƙwari, don haka farin ƙuda da jan gizo-gizon ganye sukan fi yawa a ƙarƙashinsa.

Batun iri ne inda aka fi yin asara cikin rashin sani. Tumatirin da ke cika kasuwa da rani, UTC da Roma da makamantansu, an zaɓe su ne don sanyi da bushewa da jure doguwar tafiya zuwa Legas. Yawancinsu ba su da ƙarfin cutar langaɓewa. Akwai irin da aka haɗa musamman don zafi da laima, kamar Padma F1 da Platinum F1 na kamfanin East-West Seed, da Cobra F1 na kamfanin Technisem, kuma ana samunsu a shagunan kayan noma a Kaduna da Zariya. A karanta bayan ƙunshin, a nemi wanda aka rubuta yana jure cutar langaɓewa da cutar nannaɗe ganye, a duba ranar lalacewarsa, a guji wanda aka buɗe ana sayarwa a ƙulle a leda. Jurewa ba ta nufin ba zai kamu ba sam, tana nufin zai daɗe yana ba da amfani a inda wani zai mutu. Iri mai alamar F1 kuma, wato wanda aka haɗa daga iri biyu, ba a ajiye 'ya'yansa don shekara mai zuwa, jikokin ba sa ɗauko halin iyaye. Ƙunshi ɗaya ya yi wa gida guda yawa, maƙwabta uku ko huɗu na iya haɗa kuɗi su raba. Kada kuma a raina ƙananan tumatirin gargajiya masu tsami da ke fitowa da kansu a juji. Ba su da nama, amma sun fi manyan jure zafi da ruwa, kuma miya ba ta ƙin su. Mai son ƙarin bayani a kan iri yana da cibiyar binciken noma ta IAR da hukumar wayar da kan manoma ta NAERLS a Samarun Zariya, ga kuma malaman gona na jiha.

Lissafin lokaci mai sauƙi ne. Reno mako uku zuwa huɗu, daga dashe zuwa tsinkar fari kamar wata biyu zuwa biyu da rabi. Kusan wata uku ke nan daga zuba iri. Wanda ya tuna da shuka a Yuni saboda tsada, sai Satumba zai ci, lokacin da farashi ya fara sauka. Mai son tumatir a tsakiyar tsada sai ya zuba iri a ƙarshen Maris ko farkon Afrilu, ya rene shi a inuwa, ya dasa a ƙarshen Afrilu, yadda furen zai zo a Mayu bayan ruwan farko ya karya zafi. Wannan shi ne zango mafi wuya, kuma yana buƙatar inuwar rana tsaka, ko da tsohon gidan sauro ne ko zana mai shara-shara a sama daga azahar zuwa la'asar. Ya fi kyau a raba shukar, buhu huɗu yau, huɗu bayan mako uku, don kada ruwa ɗaya ko cuta ɗaya ta kwashe duka.

A rena a ƙananan kofuna ko ledar ruwa da aka huda, ƙwaya ɗaya a kowanne, a lulluɓe da gidan sauro. Farin ƙuda ya fi yin illa idan ya ciji shuka tana ƙarama. A dasa da yamma, da ƙasar kofin gaba ɗaya don kada saiwa ta ji rauni, a kafa sanda ranar nan ba sai ta girma ba. Tana hawa ana ɗaure ta da tsumma sako-sako. Duk ganyen da ke ƙasa da reshen fure na farko, da zarar shukar ta yi ƙarfi, a cire shi, a bar kamar taƙi ɗaya tsakanin ƙasa da ganye. A rufe saman buhun da busasshiyar ciyawa ko ɓuntu. Kada a taɓa shuka tana jiƙe, hannu da wuƙa na ɗaukar cuta daga wannan zuwa waccan. Da hantsi kuma, lokacin fure, a ɗan girgiza sandar don garin furen ya zuba, musamman a ƙarƙashin rufi inda iska ba ta kaɗawa sosai.

Ban ruwa a gindi ake yi, da safe, ba a watsa a kai. Gwajin yatsa ya isa: a tura shi cikin ƙasar, in da danshi a bari. Abin da tumatir ya fi ƙi shi ne yau ƙishi gobe ambaliya. Baƙin tabon nan da ke fitowa a ƙasan ɗan tumatir, ya lotsa kamar an ƙona, mutane da yawa na ɗaukarsa cuta su yi ta feshi. Sinadarin kalsiyam ne bai isa wurin ba, kuma galibi yana nan a ƙasar, rashin daidaiton ruwa ne ya hana shi hawa. Ruwan alwala da na wankin kayan miya duk suna yi, banda na omo da bilic. Taki kuma kaɗan-kaɗan: kamar giram 10 na NPK 15-15-15 ga kowane buhu mako ɗaya ko biyu bayan dashe, a binne nesa da kara, a maimaita idan fure ya fara da kuma lokacin da 'ya'ya ke girma. Yawan yuriya ganye yake sa wa, ganye mai taushi da ƙwari da cuta ke so.

Tambayar da aka fi yi wa masu shago ita ce, «Malam, wane magani zan fesa?» Ga shuka goma, ido da yatsa sun fi kwalba. Kowace safiya a ɗaga ganye a duba bayansa. Ganyen da Sharon ta shiga a murƙushe tsutsar a ciki ko a tsinke shi a ƙona, kada a yar a gindi. Ruwan dakakken 'ya'yan darbejiya da aka jiƙa ya kwana, aka tace, aka sa ɗan sabulu, yana rage farin ƙuda da ƙananan tsutsotsi idan ana fesawa da yamma duk mako. Don cutar ganye akwai mankozeb da magunguna masu sinadarin jan ƙarfe, amma kariya suke yi, ba sa mayar da ganyen da ya riga ya ƙone, don haka kafin marka ake fara su. Duk maganin da aka saya a bi ma'aunin da ke jikinsa da adadin kwanakin da za a jira kafin tsinka. Piya-piya da sauran magungunan sauro da kyankyaso ba su da wuri a kan abin da yara za su tsinka su kai baki. Wannan yana damuna ƙwarai, domin a tsakar gida shukar na tsaye ne kusa da randa da murhu da wurin wasan yara.

Kada a jira tumatirin ya nuna jajir a jikin uwa. Da zarar ƙasansa ya fara sauya launi a tsinke, a shanya a inuwa cikin ɗaki a kan tire, zai ƙarasa nuna da kansa cikin kwanaki kaɗan. Hakan na tserar da shi daga tsagewa, da tsuntsu da ƙadangare da ɓera. A lokacin zafi ma ya fi yin ja a ɗaki, domin sama da digiri 30 jan launin ba ya haɗuwa sosai, sai ya tsaya ruwan lemo.

Buhu goma ba za su raba gida mai mutum goma da kasuwa ba, kuma a shekarar da marka ta yi tsanani wasu za su mutu duk da kulawa. Abin da za su yi shi ne su sa ɗanyen tumatir a tukunya a makonnin da ake auna shi da ƙwaya. Idan zangon ya ƙare, a ƙona kararen, a wanke sanduna a shanya. Ƙasar buhunan kada a sake sa mata tumatir ko tattasai kai tsaye, a zuba alayyahu, albasa mai lawashi ko wake. Buhun da cutar langaɓewa ta kashe shukarsa kuwa a fitar da ƙasarsa daga gidan baki ɗaya. A ƙarshen Satumba ko farkon Oktoba sai a zuba sabon iri a sabuwar ƙasa don hunturu, lokacin da za a iya yaye ledar rufin a naɗe ta sai wata daminar.